Sai Ya Koma Kamar Zoɓo

Duk wanda ya yi sakandare a Gwandu cikin 'yan shekarun nan, in ka ce masa "mol" zai ce maka "Malam Abdulbaƙi", ko da kuwa ba a makarantarmu ya yi karatu ba. Sunana Rifkatu, daga Zuru aka turo ni koyar da bayoloji, kuma teburina da nasa manne suke da juna a ofishin malamai, don haka na san shi fiye da yadda yake zato. Dogon mutum ne, mai tsabtar da har ta yi yawa, ba ya son wargi sai wanda shi ya fara. Kemistiri yake koyarwa, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi iya sa yaro ya lissafa abin da ido ba ya gani ba.

Da gyaɗa a aljihu yake shiga aji. In ya zo kan aisotof, wato atam-atam na sinadari ɗaya da nauyinsu ya bambanta, sai ya ajiye gyaɗa huɗu a kan tebur, uku ƙanana ɗaya babba. Ya ce waɗannan atam ɗin sinadarin kulorin ne, ukun kowacce nauyinta talatin da biyar, babbar kuma talatin da bakwai. Ya sa yara su tara su raba huɗu, su samu talatin da biyar da rabi da kansu. Daga nan sai ya tambaye su wace gyaɗa ce a cikin huɗun mai nauyin talatin da biyar da rabi. Su yi ta nuna wannan, su nuna waccan, shi kuwa yana tsaye yana girgiza kai, har wani ya gano cewa babu ita, matsakaici ne kawai. Wanda ya gano shi ke cinye gyaɗar.

Mol kuwa cewa yake kamar dozin ne. In ka ce dozin kana nufin sha biyu, in ka ce mol kana nufin shida da sifili ashirin da uku a bayanta, kusan haka. Tunda ba mai iya zama ya ƙirga atam, sai a auna su a sikeli. Sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, sodiyam ashirin da uku, oksijin sha shida, haidirojin ɗaya, jimla arba'in, don haka giram arba'in na soda mol ɗaya ke nan. Yaran da ke gudun lissafi a ajin wani, a ajinsa rige-rigen ɗaga hannu suke yi. Ni kaina nakan tsaya a bakin taga in saurara in ba ni da darasi, ko da yake ban taɓa gaya masa ba don kada kansa ya ƙara girma.

Abu ɗaya ne ba mu da shi duk tsawon shekarun nan, shi ne lab, ɗakin da ake gwaji da hannu. Saboda haka a allo Malam yake yin gwajin haɗa asid da soda. Ya zana buret, doguwar kwalbar nan siririya mai ɗan famfo a ƙasa wadda ake ɗigo asid da ita. Ya zana wata kwalba mai faɗin gindi a ƙarƙashinta, ya cika ta da alli ruwan ɗorawa, ya ce wannan ruwan soda ne da aka ɗiga wa maganin nuna kala. Sai ya ɗauko jan alli ya jiƙa shi da ruwa don ya yi jawur, ya shafe kwalbar da shi. Ya tambayi aji yaushe ake rufe famfo, aji kuma ya amsa da murya ɗaya: "Sai ya koma kamar zoɓo!" Daga ofis nake jin su, nakan yi dariya in ce zoɓon Gwandu dai ya sha ruwa, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Na ɗauka salon koyarwa ne, kamar gyaɗar.

Bara waccan sai ga tsofaffin ɗaliban makarantar sun haɗu sun gyara mana wani aji, suka zuba kaya. Buret sababbi cikin kwali, sikelin lantarki mai batir, kwalaben sinadarai jere a kabad, har da kujeru masu leda a jiki. Suka ce za su sa rana su zo da babban baƙo a yanka kyalle a buɗe. Shugaban makaranta ya miƙa wa Malam Abdulbaƙi makulli a gaban kowa, muka yi tafi. Ranar buɗewar nan kuwa ita ce ba ta zo ba. Yau a ce babban baƙo ya tafi Umara, gobe a ce bayan salla, jibi a ce shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗaliban ba shi da lafiya.

Malam kuwa ya riƙe makulli gam. Duk ranar Alhamis zai shiga shi kaɗai ya goge kwalabe, ya fito ya kulle, ya girgiza kwaɗon ya tabbatar. Yara su leƙa ta taga suna kallon kayan kamar masu kallon shagon da ba su da kuɗin shiga. In an tambaye shi sai ya ce kayan mutane amana ne, ba za a taɓa ba sai masu shi sun zo sun gani cif yadda suka kawo, in yaro ya fasa buret kafin ranar wa zai amsa? Maganar tana da kan gado, shi ya sa aka bar shi.

A ajin ƙarshe na shekarar akwai wata yarinya, Amatullahi, 'yar Maruda, tana zaune a gidan gwaggonta a cikin gari don karatu. Ba ta da surutu, in tana lissafi leɓenta ne kawai ke motsi. Wata rana Malam ya ɗaga ledar ruwa ya tambayi mol nawa ne na ruwa a ciki, giram ɗari biyar, alhali mol ɗaya giram sha takwas ne. Kafin sauran su buɗe na'urar lissafi ta ce ashirin da bakwai da ɗigo takwas. Wata rana kuma ita ta zo masa da tambaya. Ta ga an rubuta arba'in da shida a buhun takin yuriya na mahaifinta, sai ta zauna ta tara nauyin atam ɗin da ke cikinsa ta samu sittin, naitirojin a ciki ashirin da takwas, ta raba ta samu arba'in da shida da 'yan kai cikin ɗari. Tambayarta ita ce ina 'yan kan suka tafi. Ranar Malam ya shigo ofis yana ta murmushi shi kaɗai, har na tambaye shi ko an biya mu bashin albashi ne.

Cikin zango na biyu aka kawo sanarwar wata gidauniya mai ɗaukar nauyin karatun jami'a. Gasar kemistiri za su yi wa 'yan ajin ƙarshe na jihar, su ɗauki uku su biya musu komai har su gama. Zagaye biyu ne, na farko a rubuce, waɗanda suka tsallake kuma su je Kalgo su yi gwaji da hannu a lab ɗin wata babbar makaranta. Ba a shiga sau biyu. Amatullahi ta rubuta na farko, sakamako ya fito, ita ce ta ɗaya a jihar gaba ɗaya.

Ni da Malam muka je Maruda neman izinin mahaifinta, Lukuman, manomin albasa. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura, ya saurare mu har muka gama bai katse mu ba. Sannan ya yi magana a hankali, yana duban ƙasa.

"Malam, ni ba ni hana ɗiyata karatu. Amma abin da albasa ka kawowa bai kai jami'a, ga ƙannenta biyar bayanta. In mutanen ga sunka ɗauke ta, ta tahi da albarkata. In ba su ɗauka ba, ta ƙare sakandare ta komo gida, uwatta na bukatar hannu."

Babu faɗa a maganar, babu kuma wurin da za a ja. Malam ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, yarinyar da ta doke jiha a rubuce ba za a kayar da ita a Kalgo ba. Muka hau mashin muka dawo, ni dai a raina ina lissafin makonnin da suka rage.

Washegari na samu Malam na ce tunda abin ya zo da haka, a buɗe lab ko don Amatullahi kaɗai. Na ce ni na yi wannan gwajin a kwaleji har na gaji, in ba shi da lokaci ya ba ni makulli in shiga da ita bayan an tashi, in wani abu ya fashe a cire a albashina. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, ki tsaya ga kwaɗinki da ƙadangarunki, ki bar mani kemistiri." Ya ce wanda ya iya lissafi ya iya komai, buɗe famfo da rufe famfo ai ko a gidan wanka ana yi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na je wurin shugaban makaranta, shi kuma mutum ne da ba ya son abin da zai tayar masa da hawan jini, ya ce makulli na hannun Malam, duk yadda Malam ya gani daidai ne.

Ita ma yarinyar ta roƙe shi, a gabana. Ta tsaya a ƙofar ofis tana murza bakin hijabinta, ta ce ko sau ɗaya ne a bar ta ta riƙe buret ta ji nauyinsa. Ya ce mata kada ta damu, zai ƙara mata darasi. Ya kuwa ƙara. Kullum bayan an tashi suna gaban allo, yana zana buret yana jefa mata lambobi, tana fitar da mol na soda, mol na asid, ƙarfin ruwan, ba ta taɓa kuskure ba. Ba zan ce bai yi wahala a kanta ba, don ko abincin rana ba ya ci sai sun gama.

Ranar gasa muka ɗauki motar haya da sassafe, muka wuce Kambaza, muka bi ta Birnin Kebbi muka gangara Kalgo. Yara sha biyu ne suka tsallake, mafi yawansu daga makarantun da lab ba baƙon abu ba ne. Aka shigar da su, aka ce malamai su tsaya a baranda. Tagogin manya ne, kuma Allah ya sa teburin Amatullahi yana kusa da wadda muka tsaya, har ina iya ganin kwalbarta.

Da farko ta tsaya kallon kayan kawai. Sai ta saci kallon yaron da ke gefenta, ta ga yadda ya zuƙo ruwan soda ya auna, ta kwaikwaya. Ko ɗigo ba ta zubar ba. Ta ɗiga maganin nuna kala, ruwan ya koma ruwan ɗorawa, na ga ta ɗan saki fuska don ta ga abin da ta sani a allo. Ta buɗe famfo, asid ya fara sauka, tana juya kwalbar kamar wadda ta saba. Na ce a raina to, Allah ya taimake mu, ƙila Malam ne da gaskiya.

Can sai kalar ta juya. Wanda ya taɓa yin gwajin ya san wurin, ɗigo ɗaya ne ke mayar da ruwan ɗorawa ya zama ruwan goro mai haske, kuma nan ake rufe famfo a karanta lamba. Na ji bakina yana cewa "tsaya, tsaya" a hankali, ko da yake ba ta iya ji na. Ba ta tsaya ba. Sai na ji Malam Abdulbaƙi a gefena, idonsa na kan kwalbar, yana cewa cikin natsuwa, "A'a, da saura. Bai yi ja ba tukuna."

Na juyo na dube shi. Ba wasa yake ba, ba kuma kare yarinyar yake ba, iyakar abin da ya sani ke nan. A barandar nan na gane dalilin kulle lab, na gane amanar kayan mutane da ake ta faɗa mana. Sai na mayar da idona kan taga.

Ruwan ya wuce ruwan goro ya koma ja-ja mai haske, ya tsaya nan, don ba ya wuce haka ko za a juye masa jarka. Ita kuwa zoɓo take jira. Ta ƙarar da buret ɗin, ta sake cikawa, ta ci gaba. Da ta ga abin ya ƙi sai ta zubar ta sake daga farko, abin ya sake tsayawa a ja-ja mai haske. Asid ɗin da aka ba ta ya ƙare tun sauran yara suna kan gwaji na biyu. Ta ɗaga hannu, wata malama daga masu sa ido ta zo ta dubi kwalbar, ta dubi yarinyar, ta ƙara mata kaɗan ba ta nuna mata kuskurenta ba, don doka ta hana. Da lokaci ya matso sai Amatullahi ta rubuta lambar da ta samu, ta yi lissafinta a kai.

Da la'asar aka kira sakamako. Makinta na rubutu ya ɗaga ta, na gwaji ya ja ta ƙasa, ta zo ta shida. Malamar nan ta same mu a waje ta ce ba ta ga lissafi mai tsabta kamar na yarinyar nan ba a duk takardun, kowane layi daidai, sai dai lambar da aka fara da ita ta ninka gaskiya fiye da sau biyu. Ta tambaya ko makarantarmu ba ta da lab. Na bar wa mai makulli amsa, shi kuma ya ce akwai, ba a dai buɗe ba.

A tashar Birnin Kebbi muna jiran mota ta cika, Amatullahi ta matso kusa da Malam ta ɗan rusuna.

"Malam, ka yi haƙuri, na ba ka kunya. Na yi ta zubawa bai koma zoɓo ba. Halama hannuna na, ko kau akwai abin da ban karanta ba."

Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ba komi." Ni kuwa na tashi na tafi sayen ruwan da ba na bukata, don in na tsaya zan faɗi maganar da ba a faɗa wa namiji a tasha.

Na yi kwanaki ba na gaishe shi. Teburinmu na manne amma na juya kujerata, in ya yi sallama in amsa wa bango. Ban ɓoye wa kowa haushina ba, har malamin Hausa ya tambaya ko gado muke rabawa. Shi ma ya canza, ya daina shiga aji da gyaɗa, in ya gama darasi sai ya zauna yana juya biro.

Wata ranar Laraba bayan an tashi, ina haɗa jakata, sai ya ajiye makullin a kan teburina. Ya ce yana so in koya masa. Bai jira na tambaya ba ya ci gaba, idonsa na kan makullin. Ya ce a kwalejin da ya yi sun fi ɗari a aji, buret ɗaya ne, malami ne ke yi a gaba, shi kuma saboda tsawonsa kullum a baya ake tura shi, lambobi kawai yake kwafa. Littafi ya ce kalar tana komawa ja, shi kuma ja ɗin da ya sani ke nan. Da aka kawo kayan nan ya shiga shi kaɗai ya ciro buret ɗaya daga kwali, ya rasa ta inda ake ɗaure shi, ya mayar. Ya ce shekara da shekaru ana kiransa gwani a garin nan, ya kasa tunanin ranar da zai tsaya gaban yara yana lalube, ko ya tambayi malamar bayoloji.

Na so in tausaya masa, kuma daga baya na tausaya, amma ba a ranar ba. Na gaya masa cewa rashin sani ba laifi ba ne, duk mun fito daga irin waɗannan kwalejojin. Na ce amma ya auna girmansa da karatun 'yar mutane, ya ga girmansa ya fi nauyi, kuma ya yi hakan yarinyar tana tsaye a ƙofa tana roƙonsa. Bai kare kansa ba. Ya ce haka ne, ya ɗauki makullin ya yi gaba, na bi shi.

Ɗakin yana warin sabon fenti har lokacin. Na ce muna son ruwan soda lita ɗaya mai kashi ɗaya cikin goma na mol, kafin in rufe baki ya ce giram huɗu. Wannan ɓangaren ba a koya masa. Amma da ya zo aunawa sai ƙwayoyin sodar suka yi ta zubewa daga cokali, sai da ya sake. Na nuna masa yadda ake ɗaure buret, yadda ake korar iskar da ke maƙalewa a bakin famfo, yadda hagu ke riƙe famfo dama na juya kwalba. Ya bi a hankali kamar mai koyon tuƙi. Da kalar ta juya na ce ya rufe, ya rufe, ya sunkuya ya daɗe yana kallon ruwan.

"Nan na?" ya tambaya.

Na ce nan ne. Ya ce ai a Kalgo ya ga wannan kalar da idonsa a kwalbarta, ta kai wurin tun da wuri, kuma da kyau ta kai. Na ce na sani, ina tsaye kusa da shi. Ya zauna a kan kujera mai leda, ni kuma na wanke kayan.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa, wannan kam zan shaide shi. Ya koma Kalgo da kansa ya nemi masu shirya gasar, ya ce musu laifinsa ne ba na yarinyar ba, ya roƙi a sake gwada ta ko a bar ta ta shiga baɗi. Suka karɓe shi da mutunci, suka ce an riga an sanar da ukun, kuma baɗi ta 'yan baɗi ce. Ya je Maruda ya faɗa wa Lukuman irin wannan maganar. Lukuman bai ma bari ya kai ƙarshe ba, ya ce subhanallahi, malami ba ya laifi, rabonta ne bai kai ba, ya sa aka ɗaura masa albasa a bayan mashin. Malam ya ce mini da Lukuman ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Makon da ya biyo baya ya tara 'yan ajin ƙarshe bayan sallar azahar, ya buɗe musu lab ba tare da kyalle ko babban baƙo ba. Kafin kowa ya taɓa komai ya tsaya a gabansu ya ce akwai abin da ya koya musu ba daidai ba, maganar zoɓo su manta da ita, kuskurensa ne, kuma Malama Rifkatu ce za ta nuna musu yadda abin yake. Yara suka kalli juna, don ba su taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba. Amatullahi tana can baya kusa da ƙofa. Ta san, mu ma mun sani, cewa ko me ta ci a jarrabawar ƙarshe Maruda za ta koma.

Na yi sau ɗaya suna kallo, na nuna musu kalar, sannan na ce su zo ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙi matsowa sai da na kira sunanta. Ta auna ruwan soda, ta ɗiga magani, ta kama famfo da hagu ba tare da na gaya mata ba. A karon farko ta wuce da ɗigo biyu ko uku, ta gane da kanta, ta zubar. A na biyu da ta kusa sai ta rage famfon yana sauka ɗigo-ɗigo, kalar na juyawa ta rufe. Ta durƙusa ta daidaita idonta da ruwan ta karanta, ashirin da huɗu da ɗigo shida. Ta sake, ta samu ashirin da huɗu da ɗigo shida. Leɓenta ya ɗan motsa, ta faɗi ƙarfin asid ɗin, kuma daidai ne da abin da na haɗa.

Ko kiran la'asar ba a yi ba. Ta tsaya riƙe da kwalbar tana kallon ruwan goron da ke ciki, sannan ta ɗago ta dubi Malam Abdulbaƙi. Babu fushi a fuskarta, mamaki ne kawai.

"Malam, wanga shi na duka? Ashe da an gwada mani sau guda, da ya isa."

"Da ya isa, Amatullahi," in ji shi.

Ta gyaɗa kai. Ta zubar da ruwan, ta wanke kwalbar ta kife ta, ta matsa wa wadda ke bayanta.